Memunatu Ta Dawo Dabokpa

Dabokpa, Tamale
12 ga Fabrairu, 1957

Zuwa ga Yayana Abdul-Samed, a Kumasi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da matarka Rabi'atu da yara duka. Mahaifiyarmu Mma tana gaishe ku, ƙafar tata da sauƙi.

Yaya, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ƙarasa karatu. Yaya Memunatu ta dawo. Ita dai wadda aka sace a hanyar Yendi bara, wadda ka zo da kanka ka ce an tabbatar maka ta mutu, muka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ran Alhamis da rana tsaka ina daka a tsakar gida, sai na ga mace tsaye a bakin ƙofa, ba sallama, ba takalmi, ta rame kamar kara. Har na buɗe baki zan ce Allah ya ba da haƙuri, sai Mma ta saki kwano ta faɗi.

Ka san abin da ta fara faɗa bayan wata goma sha ɗaya? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Zanina ne wannan, Zaratu?" To nawa ne mana, tunda an raba kayanta da izininka. Daga nan ta ce, "Ina Ajara?" Na ce 'yarta tana wurinka a Kumasi tana makaranta. Ta ce, "Lorin fa?" Na ce lorin da marigayi mijinta ya bar mata yana hannunka, kai ne mai riƙon marainiya, kuma har yau Saaka ne direba.

Ba ta faɗa wa kowa inda ta zauna ba. Akwai tabon igiya a idon sawunta, in ka tambaya sai ta ja zani ta rufe. Gidanmu ya zama kasuwa, har daga Kukuo mata ke zuwa wai barka, alhali kallo ya kawo su. Ni ce mai dafa abincin 'yan kallo, ni ce kuma aka fitar daga ɗakin da na gyara da hannuna. Saaka ma ya zo, ya durƙusa yana kuka har da majina. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Sannu Saaka," ta shige ɗaki.

Ta ce in gaya maka ka aiko mata da 'yarta. Ka faɗa mini yadda zan yi, don ni kaina ya ɗaure.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Zaratu

Kumasi
18 ga Fabrairu, 1957

Zuwa ga Zaratu,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan, na sami takardarki a ofis, na kuma fahimci abin da ke ciki, duk da rubutunki bai gyaru ba.

Mun gode wa Allah da ya dawo da ita. Amma ina so ku san matsayin da nake kai yanzu. Ni ne babban akawu a kantinmu, an kuma sa ni cikin kwamitin bikin 'yancin kai na unguwarmu. Saura mako biyu Bature ya miƙa ƙasa, kuma mutane irina ake nema a sabuwar gwamnati. Ba zan yarda a riƙa yawo da sunan gidanmu a bakin matan kasuwa ba. Mace ta yi kusan shekara a hannun maza a daji, ta dawo ta ƙi faɗin inda ta kwana. Ke ma kin san abin da mutane za su ce, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Saboda haka ga umarnina. Ku rufe ƙofa, a daina karɓar baƙi. Kada ta je kasuwa, kada kuma ta kuskura ta je wurin 'yan sanda. A nemo malami ya yi mata rubutu, don wanda ya zauna a daji ba ya dawowa da hankalinsa cikakke.

Batun Ajara babu shi. Yarinya ta fara jin Turanci, tana cin abinci da cokali, ba zan mayar da ita ɗakin man kaɗanya ba. Ban ma gaya mata ba tukuna. Lori kuwa dukiyar marainiya ce, yana nan inda yake. Na sa Saaka ya riƙa leƙo ku, duk abin da ta faɗa ki sanar da shi.

Kada ki nuna mata wannan takarda. Ki gaishe da Mma.

Yayanku, Abdul-Samed
Babban Akawu

Dabokpa, Tamale
23 ga Fabrairu, 1957

Zuwa ga Yaya Abdul-Samed, Babban Akawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da ofis, ina gaishe da kwamiti. Ina fata cokali yana nan lafiya.

Zaratu ta ɓoye takardarka a ƙarƙashin tabarma, ta manta ni na koya mata baƙaƙe. Ka ce na ƙi faɗin inda na kwana. Tunda kai ne babba, ga shi, ka karanta a ofis.

Mun taso daga kasuwar Yendi da la'asar, ni ce a gaban mota da ƙwaryoyina na man kaɗanya a baya. Muna wuce gadar kogin Daka sai Saaka ya tsaya, ya ce inji ya yi zafi. Mutum uku suka fito daga ciyawa da bindigar harbi ka ruga. A motar akwai fatake masu kaya da suka fi nawa, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ni kaɗai aka sauke. Suka rufa mini buhu a ka, muka yi kwana biyu muna tafiya.

Gona ce aka kai ni, gonar doya a tsakiyar daji. Wata huɗu na farko a ɗaure nake da turke, kusa da akuya. Da suka ga ba ni da inda zan je, suka kwance ni, suka ba ni fartanya. Na tada kunyar doya, na yi shuka, na yi noma, na haƙa. Doyar da na noma ba mamaki ta iso teburinka. Sauran abin da kake son ji, wanda ya sa ka ce ba za ka ga laifin mutane ba, ba zan rubuta maka ba. Ba kunya nake ji ba. Ban ga ka isa ka ji ba ne.

Mai gonar ya taɓa ce mini, "Sau biyu muna aika wa yayanki ya zo ya fanshe ki. Ya aiko cewa ƙanwarsa ta mutu." Na ce ƙarya yake yi, na tofa masa yawu, ya fasa mini baki. Haƙorin da na rasa a ranar, don kare sunanka na rasa shi.

Yadda na fita kuwa, mafarauta ne suka sa wa daji wuta da rana, iska ta kawo ta kan rumbunan doya. Kowa ya ruga da ganye yana dukan wutar. Ni na ɗauki tulu kamar mai zuwa ɗibar ruwa, na nufi kogi, ban waiwaya ba. Ruwa ya kawo mini wuya na haye. Na yi kwana uku ina tafiya da ƙafa. Wasu mata da ba mu jin harshen juna suka ba ni fura, suka ɗora ni a motar doya. Ba su tambaye ni inda na kwana ba.

Kullum a turken nan Ajara nake gani. Shekararta tara, kuma ka bar ta tana yi wa uwarta addu'ar mamata, ka san ina raye yau kwana goma. Ka kira ta marainiya, ka kira motata dukiyar marainiya. To uwar marainiya ta dawo.

Tambaya ɗaya gare ni, Yaya. Saƙon nan biyu, sun iso ka ko ba su iso ba?

Ka aiko mini da 'yata.

Ƙanwarka, Memunatu

Kumasi
1 ga Maris, 1957

Zuwa ga Memunatu,

Bayan sallama. Na karanta takardarki, kuma ta tabbatar mini da abin da nake tsoro. Hankalinki ya taɓu. Ba don haka ba, ba za ki rubuta wa wanda ya girme ki da shekara takwas irin wannan rashin kunya ba.

Amsar tambayarki ita ce a'a. Babu saƙon da ya iso ni, ko na baki ko na takarda. Ban san kome ba sai abin da fasinjoji suka faɗa, na kuma yi abin da addini ya ce bayan an nema an rasa. Ni na sayi ragon sadakarki. Maimakon godiya, kin ɗauki maganar ɗan fashi kin ɗora a kan tawa. Ki je ki tambayi duk alƙalin da kika ga dama, wa za a gaskata, ma'aikaci mai shaidar Turawa, ko Abukari mai ido ɗaya da ke ɓoye a hayin kogin Oti yana noma da matan mutane?

Tun muna yara haka kike. Baba ya sangarta ki, mijinki ya ƙarasa, ya bar miki mota kamar babu maza a dangi. Mace mai zama a gaban lori tana ciniki da direbobi, me take jira in ba irin wannan ba?

Duk da haka jinina ce ke. Na yi shawara da Rabi'atu, mun yarda ki zo ki ga yarinyar na kwana biyu, likita kuma ya duba kanki. Saaka zai ɗauko ki ranar bikin 'yancin kai, tunda ranar ba fasinja, ba wanda zai zuba miki ido. Ki bi abin da ya ce. In kin ƙi, to kin ƙi ganin 'yarki da kanki, ba ni na hana ki ba.

Wassalam.
Abdul-Samed

Dabokpa, Tamale
9 ga Maris, 1957

Zuwa ga Abdul-Samed,

Sallama gare ka. Ban rubuta Yaya ba, kuma ba mantuwa na yi ba.

Ranar da takardarka ta zo, Yaya Memunatu ta karanta a tsaye, sai ta yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗin ji. Ta miƙo mini ta ce, "Zaratu, na taɓa faɗa miki sunan mutumin da ya tsare ni?" Na ce a'a. "Na faɗa wa Mma? Na rubuta wa Yaya?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ban rubuta ba. Ban ce Abukari ba, ban ce ido ɗaya ba, ban ambaci sunan kogin da na haye ba. Mutumin da babu saƙon da ya iso shi, a ina ya samo waɗannan?"

Sannan ta gaya mini abin da ta ɓoye. Sau biyu ta leƙa ta ramin zana ta hango Saaka a gonar, ya kawo gishiri da kananzir. Tun ranar da ya zo yana kuka a gidanmu ta san shi ya sayar da ita. Kai kaɗai ne ba ta tabbatar ba, sai da ka tabbatar mata da alƙalaminka.

Ta je ta sami Sajan Usumanu a ofishin 'yan sanda. Ya ce ya yarda da ita, amma ranar biki duk mutanensa suna filin fareti, sai an gama zai iso. Na ce mata kada ta je wurin Saaka. Ta ce in ba ta je ba, wata rana za su zo su same ta a inda ba ta shirya ba.

Saaka ya ce ta jira shi a bakin hanya bayan unguwar Vittin da hantsi. Na bi ta. Gari duk ya tafi kallon sabuwar tuta, kana jin ganguna daga nesa. Babu kowa a wurin sai wasu mata a gindin ɗorawa da damman itace, sun rufe kai. Lori ya iso. Saaka ya leƙo ya ce, "Ita kaɗai aka ce. Zaratu, koma gida." Ta ce masa, "Buɗe tamfol ɗin baya in ga." Ya ce babu kome sai buhuna. Ta ce, "Motata ce, buɗe."

Sai ya diro ya cafke mata hannu. Tamfol ya ɗaga, wani ƙato mai ido ɗaya ya fito da igiya. Ya jefa mata igiyar a wuya yana cewa, "Kin bar mini aiki rabi." Suka ja ta har bakin mota, gwiwarta tana jini, ta kafa ƙafa a taya ta ƙwala kira.

Ashe matan nan na gindin ɗorawa abokan cinikinta ne na Kukuo da ta shirya da su, masu man kaɗanya, su goma sha huɗu, da Iya Adijatu a gaba. A cikin kowane dami akwai taɓarya. Ban taɓa ganin duka irin wannan ba. Mai ido ɗaya ya zaro wuƙa, Iya Adijatu ta karya masa hannu. Saaka ya shige ƙarƙashin mota yana kiran sunan uwarsa. Lokacin da Sajan ya iso a kan keke da kayan fareti, ya tarar an ɗaure su da igiyar da suka kawo.

Kafin la'asar Saaka ya faɗi kome. Ya ce shi da Abukari suka shirya don a fanshe ta da lori. Da saƙo ya iso ka, ka kira shi ka ce su ci gaba da riƙe ta, ku raba abin da mota ta kawo. Sajan ya ce maganar ɓarawo kaɗai ba ta isa a kama babban akawu ba, sai in akwai wata shaida. Yaya Memunatu ba ta nuna masa shaidar da take da ita ba. Takardarka tana ɗaure a haɓar zaninta a lokacin.

Ka sa na ci ragon sadakar yayata tana ɗaure da turke. Ka sa na ɗaura zaninta ina yanga. Na wanke zannuwan duka na mayar mata, ta ce in riƙe shuɗin.

Mma ta ji daga bakin Iya Adijatu. Yau kwana uku ba ta fito ba.

Zaratu

Kumasi
14 ga Maris, 1957

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata, Memunatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da jiki, ina yi miki barka da arziki, ina roƙon Allah ya saka miki a kan waɗannan azzalumai.

Ƙanwata, kada ki saurari Saaka. Mutumin banza ne, jahili, ni na ɗauke shi daga tasha na mai da shi mutum. Sunan da na rubuta, a bakinsa na ji, a cikin hira. Na yarda na yi sakaci. Saƙo ya zo, na tsorata, na ga in na ba da lori ba lallai su sake ki ba, kuma ga yarinya. Daga nan abu ya fi ƙarfina. Shaiɗan ne, kuma ba ni kaɗai ya taɓa ruɗa ba.

Ki duba girman Allah, ki duba Mma. In aka kai ni kotu, ba za ta kai azumi ba. Ki tuna nono ɗaya muka sha, ni na goya ki da kika yi ƙyanda. Manaja ya sa sunana cikin waɗanda za a ƙara wa girma. In takardar nan ta shiga hannun Sajan, na ƙare, yarana biyar sun ƙare.

Ga abin da zan yi. Takardun lori na sa su cikin wannan ambulan. Ajara kuwa zan kawo miki ita da kaina ranar da kika aiko mini da waccan takarda tawa ta ɗaya ga wata. Hannu da hannu, ba wanda zai ji. Ke mai hankali ce, kullum ina faɗa wa mutane haka.

Ina jiran amsarki. Ki yafe wa ɗan'uwanki.

Yayanki mai ƙaunarki, Abdul-Samed

Dabokpa, Tamale
21 ga Maris, 1957

Zuwa ga Abdul-Samed,

Sallama.

Ba na cinikin 'yata. Ran Litinin kana ofis na shigo Kumasi na je makarantarsu, ni da Iya Adijatu. Ajara ta gan ni ta taga, ta yi ihu ta ɓuya a bayan malamarsu, sai da na kira ta da sunan da ni kaɗai ke kiranta. Ba ta saki zanina ba har muka haye kogi a Yeji. Tana nan kusa da ni tana barcin rana.

Takardun lori sun iso. Takardunka biyu kuma suna hannuna, ta ɗaya ga wata da wannan ta ƙarshe da ka amsa laifi da kanka. Ban kai wa Sajan ba. Ban kuma ƙone su ba. Ka ci gaba da zuwa ofis.

Mma ta fito jiya, ta ci tuwo. Ta ce in gaya maka kada ka zo. Ta ce in ta mutu, Zaratu za ta rubuto maka bayan an rufe ta.

Ka huta lafiya.
Memunatu